Masarar da Uwani Ta Surfa

A shekarun da nake koyarwa a lakwal ɗin Dogarawa, katanga ɗaya ce tsakanina da gidan su Uwani. Katangar ma ta zube daga gefe, har akuyarta ta mayar da wurin hanya. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

Uwani ba ta taɓa haihuwa ba. Ta yi aure biyu, ta dawo gidan ubanta ta zauna, tana noman ƴar gonarta ta wake, tana saƙa faifai. Ƙanenta Iliyasu yana aiki a kamfanin siminti na Malbaza. Da matarsa Tsahara ta tashi yaye ɗiyarsu ta fari, Shatu, sai aka kawo wa Uwani ita. Daga yaye ta zama riƙo. Haka ake yi a wurinmu. An ce ɗiyar fari ba ta uwa ba ce: uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, kuma wai ba ta jin komai in an ɗauke ta. Biyun farko na gan su da idona. Na ukun kuwa, ban san wace uwa aka tambaya kafin a faɗe shi ba.

Shatu ta tashi tana kiran Uwani Inna. Uwar da ta haife ta kuwa Tanti take ce mata, kamar yadda take ce wa kowace mace mai jakar hannu. Uwani ba ta da abin duniya, amma yarinyar nan ba ta taɓa yawo da kai a tsefe ba, ba ta taɓa shan fura ba nono ba. Ko tari ta yi sau ɗaya, sai na ji Uwani ta kan katanga tana tambayata ko ina da kinin, maganin zazzaɓi.

A ƙarshen daminar da Shatu ta isa shiga lakwal, aka tura Iliyasu Yamai wani ƙarin horo. Bai so ya bar matarsa da jinjiri su kaɗai a gidan kamfani ba, sai ya kawo su Dogarawa su zauna har ya dawo. Ina tsakar gidan na zo yi musu barka da zuwa, ya dubi Shatu ya ce:

“Yaya, yarinyar nan fa ta isa lakwal. Can Malbaza lakwal ɗin tana bakin ƙofarmu.”

“Nan ma akwai lakwal,” in ji Uwani. “Ga Madam nan zaune, ko ba ka gan ta ba?”

Ya yi dariya, ya sosa ƙeya. “To, mu gani in na dawo.”

Bai ƙara ba, amma kowa ya gane. Ƙane ba ya fizge ɗiya daga hannun yayarsa haka kawai. Sai dai in yarinya ta nuna can take so, ta yi kukan bin su, to an sami hanya: a ce ai don karatu ne. Uwani ta san wannan. Daga ranar ta fara kallon Shatu kamar mai gadin gona lokacin tsuntsaye.

Makon farko ba abin da ya faru. Tsahara mace ce mai kunya, ba ta ɗaga murya, Yaya take ce wa Uwani, tana durƙusa mata da safe. In Shatu ta gifta gabanta, sai ta kau da kai kamar yadda aka koya mata. Uwani har ta fara sakin jiki.

Sai wata la'asar Tsahara ta fito da risho.

A lokacin, murhun kananzir ba kowane gida ba. Ni ina da ɗaya, sai likita, sai matan jandarma. Ta ajiye shi bakin ɗakinta, ta ɗaga lagwani, ta kunna, ta jira wutar ta daina hayaƙi ta koma shuɗiya. Ta ɗora ƴar tukunya mai marfi, ta zuba man gyaɗa kaɗan. Sannan ta kwance wani ƙulli, ga wata masara ƙanana, masu sheƙi, kamar duwatsun wuya. Ta jefa ƙwaya uku a cikin man, ta rufe. Yaran gidan da na maƙwabta suka taru, Shatu tana can baya riƙe da zanen Uwani.

Tas! Sai kuma tas, tas.

Tsahara ta buɗe, ta zuba cikin hannu guda, ta mayar da marfi, ta kama tukunyar da tsumma tana girgiza ta a kan wuta. Shiru na ɗan lokaci, sai tukunya ta kama ƙara kamar ruwan farko a kan kwano. Yara suka watse da gudu, suka dawo da gudu. Marfi ya fara ɗagawa da kansa. Da ƙarar ta ragu ta sauke, ta juye a babban kwano: cikin hannu guda ya zama tulin fari fat, ƙamshi har gidana. Ta barbaɗa gishiri.

“Gugguru na,” ta ce wa yaran. “Ku zo.”

Ta ɗebi na farko a ƙoƙo, ta miƙa wa wani yaro ba tare da ta ɗaga ido ba. “Kai wa yarinyar can.”

Shatu ta saki zanen Uwani.

Ni dai na ga hannun nan ya saki zane, na kuma ga Uwani ta dubi wurin da hannun ya bari.

Daga nan kullum la'asar sai an yi. Kullum kuma Shatu tana matsowa. Ran nan tana bakin tabarma, gobe ita ke riƙe da gishiri, jibi ita ke jefa ƙwayoyin gwaji. Tsahara ba ta kira sunanta ko sau ɗaya ba, ba ta taɓa kanta ba. Ba abin da za a kama ta da shi. Amma na lura ba ta kunna risho sai yarinyar tana gida.

Maganar Shatu ta sake a ɗakin Uwani. Tanti ta ce sai mai ya yi zafi. Tanti ta ce a Malbaza akwai fitila da ba a zuba mata kananzir. Tanti ta ce, Tanti ta ce. Uwani ta dama fura da nonon da ta tare Bafillata tun bakin gari ta saya, Shatu ta kurɓa sau biyu ta ture.

“Na ƙoshi, Inna.”

“Da mi kika ƙoshi? Da iska? Abin da in kin matse shi a hannu ba shi cika cokali?”

Da yamma ta leƙo ta kan katanga. “Madam, ke da kika yi karatu, wanga abu abinci na?”

Na ce masara ce, ba ta kashe kowa.

“Masara! Mu da munka noma masara tun ba a haifi uwatta ba. Ta zo tana tara mana yara kamar mai wasan biri.”

Na ce ai yara ne, in an kwana biyu za su gaji.

“Ba yara take tarawa ba,” in ji Uwani. “Ɗaya take so. Sauran shaidu na.”

Ni ma ina ganin gaskiyarta.

Wata rana Shatu ta shigo tana kuka, wani abu ya maƙale mata tsakanin haƙori da dasashi. Uwani ta kwantar da ita a cinya, ta sa tsinke ta ciro. Ɗan ɓawon masara ne, siriri, ja-ja. Ta ɗora shi a kan yatsa, ta juya shi a rana, fuskarta ta washe kamar wadda aka yi wa albishir. Har gidana ta kawo shi.

“Duba, Madam. Dusa! Ko surfe ba ta yi ba. Daga ƙulli sai tukunya, kamar mai ba kaji. Wagga ita za ta riƙe ɗiya?”

A ƙasar nan, macen da ta dafa hatsi ba ta surfa ba, ba ta bakace ba, ba ta wanke ba, ba a kiranta mace. Uwani kuwa surfenta sananne ne. In ta gama da gero sai ka ce shinkafa. Na yi dariya na ce ta bar zancen. Ban san abin da ta ƙulla a ranta ba.

Ranar kasuwa ta kama zabinta biyu ta shiga taksin Konni. Ta dawo da ƙulli a ƙasan kwando, ta same shi wurin wata Bayarabiya mai sayar da kayan Najeriya. Kashegari ni ina lakwal muna gyaran azuzuwa kafin yara su koma. Daga baya aka ba ni labarin yadda ta yi. Ta yayyafa wa masarar ruwa, ta zuba a turmi. Ƙwayoyin nan masu tauri suna tsalle suna fita, tana tsincewa tana mayarwa. Ta surfa har tafinta ya yi kanta. Ta bakace, ta wanke, ta rege, ta shanya a kan faifai a rana tsaka, ta zauna gadi kada kaji su taɓa. Masara ta fito tas, ba ɗigon dusa.

Da la'asar ta zo. “Madam, ara mini rishonki. Ki zo kuma ki gani.”

Ba ni kaɗai ta gayyata ba. Ta kira Kyauta, maƙwabciyarmu, wadda ɗiyarta Aminatu ita ce babbar ƙawar Shatu. Ta kira wasu matan unguwa. Yara kuwa ba sai an kira su ba. Ta sa rishona a tsakiyar gida, daidai inda za a gani daga ɗakin Tsahara. Tsahara tana zaune bakin ƙofarta tana ba jinjiri nono.

“Shatu, zo nan kusa da ni,” in ji Uwani. “Yau za ki ci na masu tsabta.”

Na kunna mata wutar, don ba ta iya ba. Sauran duk ta haddace, ashe duk kwanakin nan da take kau da kai tana kallo ta wutsiyar ido. Ta zuba mai. Ba ta tsaya gwajin ƙwaya uku ba, ta juye rabin ƙwarya gaba ɗaya ta rufe, tun kafin in ga abin da ke ciki. Ta kama tukunya da tsumma ta hau girgizawa.

Yara suka toshe kunnuwa suna jira.

Mai yana ta ƙara, cuuu. Ba tas ko ɗaya.

“Wutar ta yi kaɗan,” in ji wata. Na ƙara lagwani.

Uwani tana girgizawa, zufa tana bin wuyanta. Can sai wani ɗan fus, kamar tusar jinjiri. Yara suka fashe da dariya. Sai wari ya taso, hayaƙi ya fara fita ta gefen marfi. Ta sauke ta buɗe. Masara ta yi baƙi ƙirin, ta manne a gindin tukunya.

Sai Shatu ta miƙa hannu ta ɗauki ƴan ƙwayoyi, ta hura, ta sa a baki. Muna jin ƙarar haƙoranta. Ta haɗiye da ƙyar, idonta ya kawo ruwa.

“Da daɗi, Inna,” ta ce.

Ina ganin da ta tofar, da abin ya zo da sauƙi. Yarinyar da ke ture fura ta ce ba ta so, yau ita ke yi wa Uwani kara kamar baƙuwa.

Kyauta ta gyara zama. Ita irin matan nan ce da ba su taɓa ganin abu ya lalace don kansa ba. “Wanga ba banza ba,” ta ce. “Masara ɗaya, risho ɗaya, mai ɗaya. Can ta tashi, nan ta ƙi? An dai sa mata ido.”

Duk aka juya. Tsahara tana kallonmu. Na rantse ba dariya take ba, amma bakinta ya ɗan motsa, ta yi sauri ta sa gefen mayafi ta rufe.

Uwani ta miƙe, tsumman yana hannunta.

“Awo, rufe bakin! Tun da na ɗora tukunyar nan idonki na kanta. Kin shigo gida kin lashe mini kurwar ɗiya, ba ta ci, ba ta sha, sai bin ki. Yanzu kin kama tukunya. Mayya! Ku shaida, mayya ta!”

Na ce, “Uwani!” Amma maganar ta riga ta fita.

Tsahara ta cire jinjiri daga nono, ta gyara rigarta a hankali. Muryarta ba ta tashi ba.

“Yaya, in ni mayya ce, wadda ta sha nonon nan fa?”

Ta shige ɗaki.

Ni ban yarda da maita ba. Na ga waɗanda aka ce mayu sun kama, na kuma ga kinin ya sake su. Amma rashin yardata bai taɓa hana kowa yarda ba. Abin da kowa ya sani a garin shi ne maita a nono ake shanta, daga uwa zuwa ɗiya. Na ga Kyauta ta miƙa hannu a hankali ta jawo Aminatu daga gefen Shatu. Kafin in kashe risho gidan ya watse.

Kashegari Shatu ta fita wasa ta dawo tun hantsi. Ta ce Aminatu ba ta da lafiya, an ce kada ta shiga. Da rana na hangi Aminatu tana tsallen igiya a ƙofar gidansu. Rana ta gaba aka aiki Shatu da tuwo gidan wata mai jego, aka dawo da shi ba a buɗe ba. Yarinya ta koma zama a gindin turmi, tana wasa da duwatsu ita kaɗai. Tsahara ba ta sake kunna risho ba. Uwani ta samu abin da take so: Shatu ba ta zuwa ko'ina sai wurinta.

Na shiga karɓar rishona, na tarar da sauran masarar a ƙwarya. Na ɗiba na duba.

“Uwani, mi kika yi wa masarar nan?”

“Mi na yi mata? Na gyara ta.”

“Kin surfa?”

“To da? In ba ɗiyata dusa?”

Na zauna. Na ce mata kowace ƙwaya akwai ɗan ruwa a cikinta. In ta ji wuta ruwan yana neman hanyar fita, ɓawon ya tare shi, ya tare shi, har ƙwayar ta fashe ta juyo cikinta waje. Ɓawon shi ne marfin. Ta cire marfin a turmi, ɗan ruwan da ya rage kuma ta ba rana ta shanye.

Ta dubi ƙwaryar. “Kina nufin dusar ita ka yin aikin?”

“Ita.”

“Ba ido ba?”

“Ba ido ba. Taɓarya.”

Ta dubi tafin hannunta inda kantar take. Sannan ta dubi Shatu can gindin turmi.

“Ki faɗa musu, Madam. Ke za su ji.”

Na ce na faɗa wa Kyauta tun jiya cewa ba wata maita, ta ce mini ai mu ƴan lakwal ba mu yarda da komai ba. Bakin da ya ɗora shi zai sauke, kuma sai sun gani da ido.

Masarar da ba a surfa ba kuwa, a garin nan kaf, wuri ɗaya take.

Uwani ta ce in raka ta. Daga ɗakinta zuwa na Tsahara ba nisa, amma sai da ta tsaya ta gyara ɗaurin akuya, ta kori kaji, ta kawar da wata ƙwarya da ba ta tare wa kowa hanya ba. Ta yi sallama. Ba ta taɓa yi wa ɗakin nan sallama ba.

Tsahara ba ta durƙusa ba. Ta nuna mana tabarma.

“Masara nika so,” in ji Uwani, tana kallon bango. “Cikin hannu guda. Da tukunyarki.”

“Tukunyar mayya?”

“Tsahara, na faɗi abin da na faɗi. Ba don ke na zo ba.”

“Na sani. Ba ki taɓa yin komai don ni ba, Yaya.” Ta gyara wa jinjiri kwanciya. “Kin san abin da nika ji in ta ce miki Inna? Ina nan zaune, ta faɗi ta fasa gwiwa, ta wuce ni da gudu ta tafi wurinki. Ni Tanti. Ban iya kiran sunanta, ban iya goge mata hanci, sai a ce ba ni da kunya. Abu ɗaya na samu da zan miƙa mata ba a zage ni ba. Shi ma ya tsone miki ido.”

“Ke kina da wani a hannu,” in ji Uwani. “Gobe ki sake wani. Ni fa?”

“Wani ba Shatu ba ne.”

Ran nan na fara jin sunan a bakinta. Ita ma kamar ta tsorata da shi. Ta tashi ta ɗauko ƙullin ta ajiye a gaban Uwani.

“Ki fara da ƙwaya uku. In ba su tashi ba kada ki zuba. Kuma kada ki buɗe marfi don ki leƙa, na san halinki.”

Wannan karon ba a cikin gida Uwani ta yi ba. A ƙofar gida ta sa risho, lokacin da mata ke dawowa daga rijiya. Ta sa Tsahara ta zauna daf da tukunya. Ta ɗaga ƙwaryar masararta sama.

“Ku zo ku ga aikin jaki! Ni Uwani na surfa masarar gugguru. Ni na kashe ta da hannuna, na ɗora wa ɗiyar mutane. Ga ta nan zaune, ta zuba ido iyakar ƙarfinta, mu gani.”

Mata suka sauke tuluna. Ta jefa uku daga masarar Tsahara, suka tashi. Ta zuba sauran, ta rufe, ta girgiza. Da tukunya ta kama ƙara sai ta zabura, saura kaɗan ta yar da ita, aka yi ta dariya. Marfi ya ɗaga. Fari fat. Sannan ta sake ɗora tata surfaffiya a tukunya ɗaya, wuta ɗaya, ta ƙone a gaban kowa.

Dariya har da masu riƙe ciki. Wata ta ce gobe Uwani za ta surfa ƙwai. Wata ta ce a ɓoye gyaɗar biki. Uwani ta tsaya ta shanye duka, har tana taya su. Kyauta ma ta ci, ta ƙara, ta ce ita dama ta san ba komai.

Uwani ta cika ƙoƙo ta ba Shatu. “Kai wa ƙawarki.”

Shatu ta tafi da gudu. Aminatu ta miƙa hannu biyu. Kyauta, bakinta cike da gugguru, tana dariya da wata, ta sa hannu ba tare da ta juyo ba ta karɓe ƙoƙon.

“Bari, ta ƙoshi. Ga na tukunya can in tana so.”

A hankali ta yi shi, ba wanda ya kula. Ni na gani, Uwani ta gani. Daga tukunya za a ci, daga hannun Shatu ba za a ci ba.

Kwanakin da suka biyo baya an gaisa da Tsahara a hanya, an yi mata ya jinjiri. Yara sun dawo wasa da Shatu, amma in magariba ta gabato uwayensu sukan kira su da wuri. In wani ya yi zazzaɓi, sai a tambaya a hankali da wa ya yi wasa jiya. Na san irin wannan. Ba ya ƙarewa. Yana bin yarinya aji, ya bi ta rijiya, ya jira ta ranar da za a zo neman aurenta.

Iliyasu ya dawo ana saura kaɗan a buɗe lakwal. Bai san komai ba. Ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya ce:

“Yaya, na yi tunani a hanya. Yarinyar nan ke kika sha wahalarta. A rubuta ta nan wurin Madam, ta zauna wurinki.”

Uwani tana tsefe wa Shatu kai. Hannunta ya tsaya.

“Ka tafi da ita.”

“Yaya?”

“Ban tambaye ka ba. Na ce ka tafi da ita Malbaza. Can ba wanda ya san ta.”

Ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai. Ya dube ni, na ce zan yi masa bayani.

Shatu ce ba ta yarda ba. Da ta gane abin da ake nufi ta ƙanƙame Uwani tana ihu, ita ba ta zuwa, ita ba ta son gugguru, ba za ta sake ci ba, Inna ta yi haƙuri. Uwani ta ci gaba da kitso. Ta gama kitson, ƙanana, masu daɗewa, irin wanda sai an yi wata ba a nemi hannun wata ba.

Da safe muka raka su bakin hanya. Taksi ya tsaya, aka ɗora kaya, aka ɗora risho. Iliyasu ya ɗauki Shatu ya sa ta ciki tana harbe-harbe. Uwani ba ta dubi wajen ba. Ta kama ƙofar motar ta tsare Tsahara.

“Ba ta kwana da fitila a kashe.”

“To, Yaya.”

“In ta yi shiru da yawa, cikinta na ciwo, ba ta faɗi. Kuɓewa tana sa mata ƙaiƙayi.”

“Na sani.”

“Ba ki sani ba. Yanzu nika gaya miki.”

Direba ya danna oda. Uwani ba ta saki ƙofar ba.

“Kuma kada ki sa ta ce miki Inna. Ki nemi wani suna.”

Tsahara ta dube ta, ta dubi yarinyar da ke kuka a cinyar ubanta. Ba ta ce to ba. Ta jawo ƙofar ta rufe.